Sandunan Baba Anuhu

Akwai wani maigida a wani gari na bakin tafki. Dattijon ikkilisiya ne, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba, ba ya kuma fashin sujadar Lahadi. Abu ɗaya ne da shi: yana son a ce aikinsa ya yi kyau.

Tafkin nan shi ne wurin shan iskar mutanen garin. Da rani, in ruwa ya ja baya, yakan bar farin yashi mai faɗi, ga tsamiya da kanya nan da can, ga bado ya shimfiɗa ganye, balbelu suna kiwo a gefe. A ƙetaren tafkin kuwa akwai wani ɗan ƙauye, ba kasuwa, ba asibiti. Kome suke nema sai sun zo gari. Hanyar tudu tana da nisa ƙwarai, sai mutum ya zagaye tafkin duka. Saboda haka da rani sukan ratsa ta mashigi, inda ruwa bai wuce ƙugu ba.

Amma mashigin ba miƙaƙƙe ba ne. Masu ɗiban yashi sun bar ramuka a ƙarƙashin ruwa, waɗansu za su shanye raƙumi, ido kuwa ba ya ganinsu. Wani tsoho na ƙauyen, Baba Anuhu, shi ya ɗora wa kansa aikin nuna hanya. Ya kakkafa sandunan gora tun daga wannan gaɓa har zuwa waccan, ya ɗaura wa kowace tsumma a kai. Kowace shekara yakan shiga yana dafa tsofaffin, yana lalube da ƙafa, yana sauya waɗanda suka ruɓe. Ba wanda ya sa shi. Tsummokin kuwa matarsa ce, Mama Afiniki, ta yayyaga tsohon zanenta na zumuntar matan ikkilisiya ta ba shi, domin launinsa yana ɗaukar ido daga nesa.

To, al'adar ikkilisiyar garin ce, ran Litinin ɗin Ista a fita gaba ɗaya zuwa bakin tafki, a wuni ana waƙa, ana ci, ana wasa. Wannan fita ita ake kira tafiya Galili. A shekarar nan aka danƙa wa maigidan shirin duka, aka kuma gaya masa wani babban Rabaran zai zo daga birni.

Da safe ya isa bakin ruwa da samari, da kujeru, da tamfol. Sai ya tarar an manta da sandunan kafa rumfa. Inuwar tsamiya ba za ta ishi manya ba, rana kuwa ta Afrilu ce. Ya tsaya yana duba hagu da dama, sai idonsa ya faɗa kan sandunan mashigi, a jere cikin ruwa.

Matarsa Damaris tana hura wuta a murhu, ta ɗaga kai ta ce, "Baban Keziya, ina za ka da wando a naɗe?"

Ya ce, "Yanzu zan dawo."

"Sandunan Baba Anuhu ne fa."

"Ni baƙo ne a garin nan? Aro zan yi. Yau wa zai ƙetare? Mutanen ƙetare suna can kan dutse suna nasu Galilin. Kafin rana ta faɗi na mayar."

Ta ce, "Aron da mai abu bai sani ba, a gidanmu wani suna ake kiransa."

"Ke dai duba shinkafarki kada ta kama."

Ya shiga ruwa, samari suna biye. Sandunan bakin gaɓa gajeru ne, ba za su ɗaga tamfol sama da kan mutum ba. Ya wuce su, ya yi ta shiga har inda hanya ta yi kwana a tsakiya. A nan ya sami dogaye, miƙaƙƙu. Ya sa aka tuge su. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa na wurin suka fi sauran tsawo ba. A nan ne ruwa ya fi zurfi, a nan ne kuma hanya take kauce wa babban rami.

Rumfa ta tsaya kyam. Galilin shekarar kuwa ba a taɓa yin irinsa ba. Matan zumunta suka buga tulu, suka yi ta waƙa har muryoyinsu suka dushe. Yara suka yi ta tsalle a bakin ruwa, samari suna ƙwallo a kan yashi, tsofaffi suna kurɓar kunu suna ba da labarin dā. Aka ci dafa-duka da soyayyen kaji, zoɓo ya wadata. Rabaran ya zauna a inuwa, ya yi wa'azi a kan tashin Ubangiji, da ya gama ya ce, "Wa ya kafa wannan rumfa? Allah ya sa masa albarka." Aka nuna maigidan, aka tafa masa. Zuciyarsa ta yi fari fat.

Da yamma motar kwasar kaya ta zo, direba yana ta gaggawa. Samari suka watsa kome a ciki, har da sandunan. Damaris ta ce, "Ka ce kafin rana ta faɗi."

Ya ce, "Ba ki ga yadda na gaji ba? Gobe da sassafe."

Kashegari ƙafafunsa suna ciwo. Bayan wannan sharar gona ta taso. Sandunan suna jingine a bangon gidansa, kullum yana wuce su. Ana nan sai ya lura gara ta cinye dirkokin rumfar ƙofar gidansa. Ya ce a ransa, "Gora ba ta ƙare a duniya ba. Tsohon nan zai sari waɗansu." Ya kafa su, ya shimfiɗa zana a kai, ya sami inuwa mai daɗi.

Tsohon kuwa ya sari waɗansu. Ran kasuwa mutanen ƙauye suka zo ƙetarewa, suka ga jerin ya yanke a tsakiya, suka koma suka gaya masa. Baba Anuhu ya saɓa sababbin sanduna ya shiga ruwa. Idonsa ya riga ya yi rauni, a wannan karo kuma babu tsohuwar sandar da zai dafa a wurin kwanar. Masunta ne suka tsamo shi.

Labari ya iske maigidan yana zaune a ƙarƙashin rumfarsa. Masu ba da labarin suka ce, "Kwana ne ya ƙare." Shi ma ya ce, "Nufin Allah ne." Amma suna tafiya ya miƙe. Ya ɗauko wuƙa, ya hau turmi, ya yanyanke tsummokin da ke kan sandunan, ya jefa su a murhu. Damaris tana tsaye tana kallo. Ta ce, "Ka ƙone tsumma. Gorar fa?"

Ya tafi ta'aziyya ta hanyar tudu, da buhun masara da akuya. Ya yi addu'a mai tsawo har mata suka fashe da kuka. Mutanen ƙauye suka ce, "Allah ya ƙara mana irin Dattijo." Ya komo gida yana gaya wa kansa ya yi abin da ya kamata, har ma ya zarce.

Da kwanakin makoki suka wuce, Mama Afiniki ta fito yi wa mutane bangajiya, kamar yadda aka saba. Ita ma ta hanyar tudu ta zo, gama tun rasuwar ba wanda ya sāke taka mashigi. Ta iso da rana tsaka, ƙafafunta sun kumbura. Maigidan ya shimfiɗa mata tabarma a rumfa, Damaris ta kawo ruwa.

Tsohuwar ta ce, "Dattijo, na zo godiya ne. Abin da ka yi mini, ko ɗan cikina iyakarsa ke nan."

Ya ce, "Haba Mama, ai yi wa kai ne."

Ta ɗaga ƙwarya za ta sha, kanta ya yi baya, idonta ya kai saman rumfa. Can a ƙarƙashin zana, a kan sanda ɗaya, akwai ƙullin da wuƙa ta kasa, gama ya sha ruwa ya sha rana har ya manne wa gora. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ajiye ƙwaryar ba ta sha ba.

Ta ce, "Dattijo, wancan zanena ne."

Maigidan ya ɗaga kai ya dubi ƙullin.

"Da shi na shiga zumunta. Ni na yaga shi da hannuna. Ƙullin kuma na mijina ne, shi kaɗai yake bi da shi sau biyu haka."

Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, ki yafe mini. Aro na yi, ban yi nufin haka ba. Ki faɗi abin da kike so. Masara ce, zan ƙara. Ɗakinki ne, zan sāke masa rufi kafin damina."

Ta ce, "Tashi, kai dattijo ne. Gafara na yi maka, gama ni ma ina nema a wurin Mai ita. Amma masararka tana nan, ka aiko a ɗauka. Ba masara aka ɗauke mana ba, hanya aka ɗauke mana. Matar ɗana tana da tsohon ciki, asibiti kuwa a wajenku yake. Ran da naƙuda ta zo, ba za ta iya zagaye tafki ba. Ta ruwa za su bi da ita, da sanda ko ba sanda."

Ya ce, "Zan sa samari su mayar da sandunan, tun kafin gari ya waye."

"A'a. Kai ka tuge, kai za ka mayar. Da rana ka ɗauka, da rana za ka kai."

Kashegari ran kasuwa ce. Maigidan ya rushe rumfarsa, ya saɓa sandunan, ya ratsa tsakiyar gari. Waɗanda suka tafa masa ran Galili suka gan shi, suka gane, suka bi shi shiru har bakin tafki. Da ya kai inda jerin ya yanke, sai ya tsaya, gama bai san inda sandunan suke a dā ba, wanda ya sani kuwa yana kabari. Ɗan marigayin ya zo da jirgin masunta, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya riƙe. Maigidan ya yi ta lalube da ƙafa, ruwa a ƙirji. Sai ya ji yashi ya zame, ƙafarsa ta tafi babu ƙasa, ruwa ya rufe kansa. Igiyar ce ta dawo da shi, a hannun ɗan mutumin da ya mutu a wurin. Ya tofar da ruwa, ya kafa sanda mafi tsawo a bakin ramin. Damaris ta yaga gefen zanenta ta aika masa ya ɗaura.

Kafin ruwan fari, aka ƙetare da matar ta mashigin nan, ta haihu lafiya. Amma Baba Anuhu bai dawo ba.

Ga ma'anar wannan misali, ku kasa kunne. Tafkin shi ne duk abin da Allah ya ba mu a tare, wanda ba na mutum ɗaya ba. Sandunan su ne wahalar waɗanda suka riga mu, suka kafa domin kada wani ya hallaka. Rumfar ita ce jin daɗinmu na wuni ɗaya da yabon mutane. "Gobe" kuwa ita ce ƙaryar da mai ibada yake yi wa kansa. Buhun masarar nan shi ne alherin da muke yi domin mu guje wa gyaran da ya wajaba a kanmu.

Ba da mutanen wata ƙasa nake magana ba. Ga Ista ta matso, za mu sāke fita bakin ruwa. Ina bencinan da aka ajiye a wurin shan iska domin tsofaffi? A zauren wa suke yanzu? Wa ya sare reshen tsamiya ya gasa nama? Wa ya farfasa kwalabe ya bar su cikin yashi, inda yara suke gudu ba takalmi? Wa ya cire allon da ke nuna wurin zurfi, ya yi murfin akurki da shi? Kowa ya ce abu kaɗan ne, kowa ya ce aro ne. Sa'an nan mu taru ran Lahadi mu ba da baikon kuɗi a sujada, mu ɗauka an shafe.

Ba a shafe ba. A aji, yaron da ya ɗauki fensirin ɗan'uwansa ba ya tsira da "yi haƙuri" sai fensirin ya koma hannun mai shi. In haka ne ga yara, balle dattawa. Gafarar Allah kyauta ce, ba a sayenta da masara. Amma wanda ya tuba da gaske ba ya ci gaba da shan inuwar abin da ya ɗauka.

Saboda haka kowa ya koma gida yau ya ɗaga kai ya dubi rumfarsa. In akwai sandar da ba taka ba, ka sauke ta, ka kai ta inda ka tuge ta, da kanka, da rana. Kada ka jira sai masunta sun tsamo wani.