Gayyar Dangar Iya Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata tsohuwa ce a wani gari, sunanta Tasalla. Gidanta ne na ƙarshe, daga shi sai daji. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta Kuluwa kuma tana aure a wani gari can ƙetaren kogi. Abin da ta mallaka bai wuce ɗakinta ba, da wata cediya a tsakar gida, da kaza guda ɗaya wake-wake mai 'yan tsaki bakwai.

To, a dangin su Tasalla akwai wata al'ada. Idan aka kawo jika yaye wurin kakarta, ranar da za a mayar da ita gida sai an haɗa ta da budurwar kaza. Kuma ba ta kasuwa ba, sai daga tsatson kajin gidan. Kakar Tasalla ta ba Tasalla, uwar Tasalla ta ba Kuluwa, yanzu abin ya zo kanta. Kuluwa ta aiko cewa idan rani ya yi za ta kawo 'yarta Uwani yaye. Tun daga ranar Tasalla ba ta da wani tunani sai na 'yan tsakin nan.

Sai ga shi iskar damina ta kwantar da dangar gidan kaf, tsakar gida ta zama ɗaya da daji. Da aka yi girbi, sai ta tara kara, ta saro dirkoki, ta tufka igiyar rama. Amma kafa danga ba aikin tsohuwa ɗaya ba ne. Sai ta bi gida-gida tana kiran gayya. Kowa ya ce mata, "In Allah ya yarda, Iya." Lokacin sussuka ne, kowa da abin da ya dame shi.

Ranar gayya ta dama fura, ta share gida, ta zauna. Shiru, ba kowa. Can sai ta ji sallama. Ta leƙa, sai ga Yanyawa, da manyan kunnuwanta da ladabinta.

Yanyawa ta durƙusa ta ce, "Iya, na ji ana gayya, na ce bari in kawo hannuna."

Ku da kuka san gayya kun san dokarta. Wanda ya zo da hannunsa ba a tambayarsa wa ya kira shi, ba a kuma korarsa. Tasalla ba yarinya ba ce, ta san abin da ake faɗa a kan Yanyawa. Amma kunya ta ɗaure mata baki, ga kuma kara a tsibe ba mai ɗagawa. Sai ta ce, "Shigo, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Kaza na ganin Yanyawa sai ta baza fikafikai, ta hau kyarkyara. Tasalla ta ce, "Ke, yi mana shiru, muna da baƙuwa."

Yanyawa ta kama aiki, kuma a faɗi gaskiya ta iya aiki. Ta kafa dirkoki, ta jera kara, ta ɗaure tam. Da aka zo gindi sai ta ce, "Iya, kin san abin da ke cin danga? Gara. In kara ya taɓa ƙasa, kafin damina ta zagayo ya zama gari. Mu ɗaga shi kamar faɗin tafin hannu."

Tasalla ta ce, "Gaskiyarki, na sha gani."

Aka ɗaga. Yanyawa ta sha fura, ta yi godiya, ta tafi.

Ba a jima ba, wata safiya Tasalla ta tafi rijiya. Ta dawo da tulu a ka, sai ta ga an ɗan yashe ƙasa a ƙarƙashin danga, ga gashin tsaki a warwatse. Biyu babu. Ranta ya ɓaci, ta zagi Yanyawa har ta gaji. Sai ta sake bin gari tana kiran gayya.

Wannan karon kunu ta dama, don geron ya fara ja da baya. Mutane ba su zo ba. Sai ga Muzuru ya yi sallama, yana lasar hannu.

Ya dubi dangar ya girgiza kai. Ya ce, "Iya, wa ya yi miki wannan aika-aika? Danga a rataye kamar shanya?"

Kaza ta sake ɗaukar kyarkyara, har tana tsalle. Tasalla ta ɗauki ɗan kara ta jefe ta. Ta ce, "Kazar nan ba ta da kunya. Kada ka kula ta, ɗan nan."

Muzuru ya haƙa rami ya zagaye gidan. Ya zuba toka a ciki, ya ce gara ba ta shiri da toka. Ya sauke karan ya binne gindinsa, ya danne da duwatsu. Ko ɓera ba zai bi ta ƙasa ba. Sai ya ja da baya ya ɗaga kai, ya ce, "Saura abu ɗaya, Iya. Dangar ta yi tsawo. Iska na zuwa za ta kwantar da ita. Sai an tokare ta daga waje da itace a jingine."

Tasalla ta ce, "Gaskiyarka, iska ce ta kayar da ta da."

Aka jingina itatuwa. Muzuru ya sha kunu, ya yi godiya, ya tafi.

Sai wata rana da azahar ta shiga maƙwabta duba marar lafiya. Ta dawo ta tarar da sawun farce a jikin itacen tokara, tun daga ƙasa har sama, kamar an kafa wa mutum tsani. Uku babu. A ranar ba ta zagi kowa ba, abinci ma ba ta iya ci ba. Saura biyu.

Za ku ce ai yanzu ta yi hankali. Ina fa. Mutum in ya saba da jin kunya, ko gidansa na cin wuta sai ya tsaya amsa gaisuwa. Ta sake kiran gayya, ta dafa ɗan wake. Wanda ya zo shi ne Shaho. Ya sauka a kan dirka, ya yi mata ta'aziyyar 'yan tsaki, har muryarsa na rawa.

Kaza ta yi kyarkyarar da ba ta taɓa yi ba. Tasalla ta ji kamar ta nutse don kunya. Sai ta kama ta, ita da 'ya'yanta, ta kife su da kwando, ta ɗora dutse.

Shaho ya sa aka zubar da itatuwan tokara, aka ƙara dirkoki daga ciki, aka jera ƙayar magarya a kan danga. Aiki ya yi kyau. Sai ya karkata kai ya dubi cediya, ya ce, "Iya, kin ga reshen nan da ya rufe tsakar gida? Muzuru ba sai da tokara ba. Ta kansa zai bi ya diro."

Tasalla ta duba ta ce, "Gaskiyarka."

Da hannunta ta ɗauki gatari ta sare reshen. Inuwar da kaji ke fakewa a ciki ta tafi, tsakar gida ta yi fayau.

Shi Shaho bai ma jira ta fita ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi, sai ta ga inuwa ta gifta. Kafin ta ajiye mazari ya suri ɗaya, ya yi sama. Ta bi shi da kallo har ya ɓace.

Sai ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Ta tuna kakarta, ta tuna ranar da aka ɗora mata tata kazar a cinya tana 'yar mitsitsiya. Ta ga abin da aka riƙe tun kaka da kakanni zai yanke a hannunta.

Sai ta ji wata murya a dushe ta ce, "Uwar ɗakina, kuka kike yi?"

Ta ɗago. Kaza ce, da 'yar tsakonta guda ɗaya a ƙarƙashin fiffike.

Kaza ta ce, "Ni ya kamata in yi, amma muryata ta ƙare."

Tasalla ta ce, "Ashe kina magana? To, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Da Yanyawa ta shigo na faɗa, kika ce in yi shiru. Da Muzuru ya shigo na faɗa, kika jefe ni. Da Shaho ya sauka na faɗa, kika kife ni da kwando. Duk wanda ya zo daga waje kin tambaye shi yadda za a yi dangar. Mu da za mu kwana a ciki ba ki tambaye mu ba."

Tasalla ta ce, "Ai duk abin da suka faɗa gaskiya ne."

Kaza ta ce, "Gaskiya ne. Kowannensu ya toshe miki hanyar ɗan'uwansa tsakani da Allah. Tasa ce kawai ya bari."

Tsohuwa ta share hawaye da bakin zane. Ta ce, "To, yanzu na tambaye ki. Yaya za a yi?"

"Ki durƙusa."

"In durƙusa?"

"Ke a tsaye kike ganin gidan nan. Ki sauko inda muke ki gani."

Gwiwoyin Tasalla sun daɗe da daina yi mata biyayya, amma ta durƙusa. Kaza ta ce ta ƙara. Ta ƙara, har kumatunta ya taɓa ƙasa. Sai ta ga gidanta kamar ba nata ba. Ta ga haske na shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure. Ta ga rariyar da ruwan wanka ke fita, a buɗe. Ta juya ido sama, ta ga sarari fetal, ba inda ɗan tsako zai ruga. Tsoro ya kama ta, ita da take mutum.

Ba ta sake kiran gayya ba. Ta kama aiki ita kaɗai, kaɗan yau kaɗan gobe. Kaza na gaba, tana biye. Duk inda kan kaza ya shiga, sai ta toshe. Ta sa dutse mai ƙananan huji a bakin rariya. Ta kafa itace a ƙarƙashin ƙyaure. A kusurwar gida ta yi rumfa, ta gicciya kara a sama da gefe, rana na shiga amma fiffike ba ya shiga. Yatsunta suka tsattsage, bayanta ya riƙe. In za ta fita sai ta sa su a rumfar ta ɗaure ƙofa.

Tana cikin ɗaurin ƙarshe sai ta ji sallama, murya uku. Yanyawa ce da Muzuru da Shaho a ƙofar gida.

Yanyawa ta ce, "Iya, ashe aiki kike yi ke kaɗai, muna gari? Ai wannan abin kunya ne a gare mu. Buɗe mu kama miki."

Kunyar nan dai ta sake taso mata, har ta kai hannu ga ƙyaure. Sai ta waiwaya. Kaza na tsaye tana kallonta.

Tasalla ta janye hannunta. Ta ce, "Sannunku da zuwa. In ƙishirwa kuke ji, zan miƙo muku ruwa ta kan danga. Amma ba za ku shigo ba."

Muzuru ya ce, "Korar 'yan gayya, Iya? Za a ji a gari."

Ta ce, "A ji."

Kuma an ji. Har a bakin rijiya an yi ta cewa tsufa ya sa Tasalla ta daina sanin ya kamata. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta buɗe ba.

Rani ya yi, Kuluwa ta kawo Uwani. Yarinya ta yi kukan nono ta gaji, ta saba da kunun kakarta. Kafin uwar ta dawo ɗaukarta, 'yar tsakon nan ta zama budurwar kaza, wake-wake kamar uwarta.

Ranar tafiya Kuluwa ta leƙa rumfa ta ce, "Inna, ba bakwai kika aiko mini ta ƙyanƙyashe ba? Ina sauran?"

Tasalla ta ce, "Baƙi na ciyar da su."

Sai ta shiga rumfar. Ta miƙa hannu za ta kama budurwar kazar, sai ta tsaya. Ta durƙusa a gaban uwar, ta ce, "Ita kaɗai ta rage miki. Kin yarda in ba da ita?"

Kaza ta ce, "Wannan dai zan san inda ta tafi. Akwai danga a gidan?"

Tasalla ta tambayi Kuluwa. Kuluwa ta yi dariya ta ce, "Akwai mana, Inna, doguwa ma. Mutanen gari ne suka taru suka yi mana ita."

Tasalla ta kamo budurwar kazar. Ta ɗora wa Uwani kazarta a cinya. Ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙunshin kayanta, ta sa uwar kazar a kwando, ta yafa mayafi.

Kuluwa ta ce, "Inna, ina kuma za ki da wannan ciwon gwiwar?"

Ta ce, "Zan je in ga dangar taku daga ƙasa."

To, kun ji. In za ku yi wa wani katanga, ku fara tambayar wanda zai kwana a cikinta. Mai zagayawa ta waje yana iya gaya muku gaskiya, ya ɓoye guda ɗaya, kuma ita ce za ta ci ku.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan. Wanda bai rufe kajinsa ba ya tashi ya rufe.