Yau Tsamiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da sunansa ya ɓace mini, tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa. Sunansa Nomau, saƙar tabarma yake yi. Yadda na ji a bakin kakata, haka zan ba ku.

Nomau yana da fuka tun yana saurayi. Ƙirjin nan in ya tashi, sai ka ji kamar ana busa sarewa a cikinsa. An yi jiƙo, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Ciwon bai tafi ba, shi ma Nomau bai tafi ba. Suka zauna tare.

To, akwai hanya a bayan garin. In ka fita, sai bishiyar kuka. Gaba kaɗan tsamiya. Can gaba tsohuwar rijiya, sai rafi, a hayin rafin kuma maƙabarta. Kullum gari ya waye, Nomau zai ɗauki sandarsa ya bi hanyar nan sannu sannu cikin raɓa, har inda numfashi ya ce ya isa. Nan zai zauna, ya huta, ya dawo.

In ka ce, "Nomau, yaya jiki?" ba ya cewa da sauƙi kamar kowa. Sai ya ce, "Yau tsamiya." Wata rana ya ce, "Yau kuka, alhamdu lillahi." Mutane har tsokanarsa suke yi. "Malam Nomau, yau wace bishiya ke sarauta?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ranar da ya kwanta, maƙwabta suka zo dubiya suna girgiza kai, wata ta ce, "Wannan ai ba shi da sauran lafiya." Daga kwance ya ce, "Iya, ina da ita. Shekaranjiya na kai rijiya. Ba ta ƙare ba, ta dai gajarce."

Ku saurara, ga inda jarrabawar take.

Abu ɗaya Nomau yake so a duniya, ya ga Ka'aba da idonsa. Matarsa Tabawa ta sani, don shekara da shekaru yana saƙa yana maganar. Sai ga ayarin mahajjata ya sauka a garin bayan kaka. A makon nan kuwa, ikon Allah, Nomau ya kai rafi. Kashegari ya sake kaiwa. Rana ta uku har ya tsoma ƙafa a ruwa, ya tsaya yana kallon ƙananan kifaye suna kewaya yatsunsa. Gari ya ɗauka, Nomau ya warke. Tabawa ta daka masa guzuri, ta wanke rigarsa.

Madugu, wato jagoran ayarin, yana zaune a kan buzu yana tambayar duk mai son tafiya. Da aka zo kan Nomau ya ce, "Na ji an ce ka warke. Yaya jikin?"

Kalma biyu kawai zai faɗa ya tafi Makka. Ba kuma wanda zai ce ya yi ƙarya, don kowa ya gan shi a rafi.

Sai Nomau ya ce, "Madugu, tsakanin rijiya da rijiya a hamada kwana nawa ne?"

"Wani wurin uku."

"Ni kuwa in ƙirjin ya tashi, kwana biyu nake yi a jingine, ko jaki ba na iya hawa. Za ku bar ni a can?"

"Subhanallahi, ba ma barin mutum."

"To ruwan wa za a sha ana jirana?"

Tabawa ta matso ta ce a hankali, "Malam, kwana uku kana kai rafi."

Ya ce, "Tabawa, rafi baƙo ne, kwana uku ya yi mana. Tsamiya ce muke tare shekara talatin. Madugu, lafiyata tsamiya ce."

Da ayari ya tashi, ya raka su har tsamiya, ya ba wani tsoho guzurinsa, ya zauna. Yana kallonsu suna ƙanƙancewa har suka zama kamar tururuwa. Hantsi ya yi, inuwa ta yi daɗi, barci ya ɗauke shi. Sai ya ga tsamiya a gaban tsamiya, wata a gaban wata, sun jeru har gabas, kowace da inuwarta da randar ruwa, yana tafiya yana hutawa, ba mai jiransa, ba mai jin ƙishi saboda shi. Ya farka da ganye a kan rigarsa. Bai yi kuka ba. Tabawa ce ta yi.

Ya ƙara shekara bakwai. Tsamiya ta koma kuka, kuka ta koma ƙofar gida. Ranar ƙarshe Tabawa ta ce, "Malam, yaya jiki?" Ya dubi hasken da ke shigowa ɗaki ya ce, "Yau bakin ƙofa. Ita ma lafiya ce."

Da aka ɗauki makararsa, ta tsaya a soro tana lissafi a zuci. Kuka. Tsamiya. Rijiya. Da ta san sun haye ta ce, "Yau ya wuce rafi."

'Yan'uwana, darasin a fili yake. Mai doguwar jinya shi ya san awon lafiyarsa. Kada ku binne shi saboda mummunar ranarsa, kada ku ɗora masa kaya saboda kyakkyawar ranarsa. Kai kuma mai ciwo, faɗi gaskiyar jikinka, ko da za ta hana ka abin da kake so.

Ni na yi jinyar 'yata Lantana shekara goma sha tara, sikila. Duk wanda ya shigo ya ce yaya jiki, kafin ta buɗe baki na ce, "Da sauƙi." Har ta koma ga Allah ban san wace bishiya take kaiwa ba.

In kun koma gida, ku tambayi naku. Sannan ku yi shiru, ku bari su amsa.