Baitin Ƙarshe na Malam Jibo

Ku gyara zama, yau sai kun yi musu kafin ku tashi.

A zamanin da rediyo ke sabon shiga ƙauyuka, an yi wani mawaƙi, Malam Jibo Gangare. Ni na ji muryarsa da kunnena, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. In ya fara rera waƙa, mahauta kan ajiye wuƙa su saurara.

Shekara ashirin yana rubuta waƙar rijiyar da mahaifinsa ya haƙa, baiti ɗari uku da ajami, bai taɓa rera ta a bainar jama'a ba. Saura baitin rufewa kaɗai, inda mawaƙi kan faɗi sunansa da na wanda ya tallafe shi, sai ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya mutu. Da aka buɗe gafakarsa, ashe gara ta cinye kusan rabin takardun. Malam yana kwance yana kallo, ba bakin magana. Abin da yake tsoro shi ne ya rasu waƙar ta bi shi kabari.

Sai ga Malam Kallamu, mai yi masa kwafi. Duk takardar gwajin da Malam Jibo ya soke, shi yake ba wa ya ƙona, don akwai sunan Allah a ciki. Kallamu kuwa bai taɓa ƙona ko ɗaya ba, a tulu yake tarawa. Ya zo ya durƙusa ya amsa laifinsa, sannan ya yi wata huɗu yana haɗa guntaye har baitocin suka cika.

To, baiti ya samu, amma karin fa? Ba a rubuta karin waƙa a takarda, kuma ba wanda ya san shi sai uwargidansa Tabawa, wadda ta riƙa jin sa ta bayan zana tana kaɗi da hantsi. Matar da ko sallamarta maƙwabta ba sa ji, ita ta cire kunya ta rera shi daga farko har ƙarshe.

Sai dai karin na da hawa, ƙirji ɗaya ne a ƙasar zai iya ɗaukarsa, na Malam Barmo, mawaƙin da shi da Malam Jibo suka yi shekara talatin suna yi wa juna zambo. Ba wanda ya yi zaton zai zo. Ya zo, ya zauna a zaure kwana arba'in yana koyo wurin Tabawa, ya je gidan rediyo ya rera. Da ya gama ya ce, “Wannan ta Jibo ce. Ni ban taɓa yin kamarta ba, ba kuma zan yi ba.”

Malam Jibo ya ji waƙarsa daga akwatin rediyo, hawaye na bin kunnensa. Da Barmo ya dawo, Malam Jibo ya yi nuni aka kawo alƙalami da tawada. Da hannun hagu ya rubuta baitin rufewa, yana hutawa, ya sa sunansa. Gurbin da ya rage ba zai ɗauki suna biyu ba sai baitin ya karye, shi kuwa bai taɓa karya baiti ba. Ya dubi Kallamu da Tabawa da Barmo, tawada na bushewa a bakin alƙalami.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata ya rubuta?