Dalilin da Ya Sa Gaiwa Take Kwana a Busasshiyar Laka

Dalilin da ya sa gaiwa take yin wata da watanni a cikin busasshiyar laka ba ta mutu ba, yara, ya samo asali ne daga wata shekarar fari da wata tsohuwa mai bandar kifi.

A da can, gaiwa kifi ce kamar kowane kifi. In an fitar da ita daga ruwa, nan take sai ta mutu. Tana zaune a Tafkin Gawo, wani ɗan tafki da babu kogin da ke zuba masa ruwa, sai abin da sama ta ba shi. Da kifinsa mutanen ƙauyen suke rayuwa.

Sai aka yi shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Kullum tafki ja da baya yake yi, har ruwansa ya daina kai wa mutum gwiwa. Sarkin Ruwa Nomau ya tara masunta ya ce, "Ruwan nan tafiya zai yi. Gobe kowa ya fito da komarsa, mu kwashe kifin kaf, kada rana ta riga mu."

Tasalla, tsohuwar da take yi wa garin banda, ta ce, "Ranka ya daɗe, manomi yana cinye irinsa? Tafkin nan ba shi da kogi. In kun share shi, ko ruwa ya dawo, wa zai haifi kifin baɗi?"

Nomau ya ce, "To Gwaggo, a randarki za mu ajiye su?" Aka kwashe da dariya.

Washegari aka yi su, ba a bar ko ɗan tsito ba. Aka jibge wa Tasalla kifi a gaban murhu. Tana gyarawa, duk wanda ta samu da ƙwai sai ta cire ƙwan ta zuba a ƙwarya mai ɗan ruwa, ita kanta ba ta san abin da za ta yi da shi ba. A ƙasan kwandon ƙarshe ta tarar da gaiwa ɗaya da sauran numfashi. Ta ɗaga wuƙa ke nan, sai gaiwa ta yi magana.

"Baiwar Allah, na ji abin da kika faɗa jiya a bakin ruwa. In iri kike nema, shuka ni."

Tasalla ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Kifi a ƙasa? Me za ki shaƙa?"

"Hura mini numfashinki sau ɗaya, zan yi ta lallaɓa shi. Ba ni ƙwan nan in rungume. Sharaɗina ɗaya ne, kada a tone ni sai ruwan sama ya tashe ni."

Tasalla ta buɗe bakin gaiwa ta hura mata iska. Ta kai ta wani tudu a tsakiyar tafki inda ruwa ya janye amma laka na da sauran danshi, ta haƙa rami zurfin kamu. Gaiwa ta naɗe jikinta a kan ƙwan, ta rufe kai da wutsiya, ta lulluɓe da yauƙinta. Tasalla ta mayar da laka, ta bar 'yar kafa kamar ta gidan tururuwa.

Tafki ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage. Duk wanda ya gamu da tsohuwa sai ya ce, "Gwaggo, kifin ya tsiro kuwa?"

A wata na biyar banda ta ƙare a garin. Tasalla ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. A rana ta uku ta ɗauki fartanya ta nufi wurin, don ta san akwai nama a can. Ta durƙusa za ta sara, sai ta fara kara kunne a bakin kafar. Can ƙasa, ƙarƙashin lakar da ta bushe kamar dutse, ta ji numfashi yana fita a hankali, numfashin nan nata da ta bayar. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta saɓa fartanyarta ta koma gida, ta dafa tafasa ta ci.

A wata na bakwai hadari ya haɗo, aka yi ruwa kwana biyu. Da aka ɗauke, gari ya fito kallon tafki. A gaban idon kowa ruwan tsakiya ya yi tambal-tambal, gaiwa ta ɓullo, dubban 'ya'yan tarwaɗa da karfasa suna biye da ita kamar hayaƙi. Nomau ya cire hularsa, ya tsuguna gaban tsohuwa.

"Gwaggo, shukarki ta tsiro."

Ta ce, "To ranka ya daɗe, bana a bar iri."

Shi ya sa har yau gaiwa take shiga laka in ruwa ya janye, kuma ko tana cikin ruwa sai ta leƙo sama ta shaƙi iska kamar mutum. Masu tonon gaiwa a Tafkin Gawo kuwa, ta farkon da suka samu ba sa ɗauka. Mayar mata da lakarta suke yi, su bar mata 'yar kafa.