Maigidan da ya hana gayauna

Akwai wani maigida mai babban gandu, inda shi da ƙannensa da 'ya'yansa suke noma tare. Bisa al'adar gidan, kowa yana da gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa, da ranakun da yake noma ta. A nan ake shuka kuɓewa da yakuwa da gyaɗa da barkono.

Wata shekara maigidan ya ga rumbun maƙwabcinsa ya fi nasa girma, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya tara mutanen gidansa ya ce, "Daga bana babu gayauna. Kullum gandu za mu. Kuɓewa ba ta cika rumbu."

Ƙanensa Nomau ya roƙe shi, ya ƙi. Bayan kaka Nomau ya kwashe iyalinsa, ya fita daga gandun, ya je ya yi sassabe a bakin rafi.

Dawa kuwa ta yi, har aka gina rumbu na biyu. Masu wucewa suna yabo, maigida yana zama a gindin rumbunan yana hura hanci, sai ka ce shi ya ƙirƙiro dawa. Amma kafin ruwan fari, hatsi ya yi ƙasa fiye da lokacin da rumbu ɗaya ne. Yara suka rame. Babban ɗansa ya fara zancen tafiya birni, maigida kuwa ya san in wannan ya tafi, gandu ya watse ke nan.

Shi mutum ne mai son sanin dalilin abu. Ya leƙa ƙarƙashin rumbu ko gara ce, bai ga gara ba. Ya nemi ramin ɓera, babu. Sai ya barbaɗa toka kewaye da rumbunan don ya ga sawun ɓarawo. Sawun da ya gani, ban da na kaji, na matarsa Rifkatu ne, wadda take ɗibar hatsin girki.

Ran kasuwa ya ga ta ɗauki ƙwarya cike da dawa, ya bi ta a hankali. Ta tsaya gaban wani mai kayan miya, ta juye masa dawar, ya zuba mata kuɓewa da barkono da gyaɗa. Da maigida ya matso, sai ya ga ashe Nomau ne.

Rifkatu ta ce, "Maigida, tuwo ba ya shiga ba miya. Da a gayauna nake tsinko kayanta, yanzu sai na kawo dawa."

Nomau ya gaishe shi da ladabi, sa'an nan ya ce, "Yaya, ka ce kuɓewa ba ta cika rumbu. Ga shi ta cika nawa, da dawarka."

Kunya ta kama maigidan. Ya koma gida ya kira ɗansa, ya nuna masa gayaunarsa da ciyawa ta rufe, ya mayar masa da ranakunsa. Ɗan ya fasa tafiya. Nomau dai bai dawo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan ƙasarmu ce, rumbu kuma baitulmali. Gayauna ita ce sana'ar talaka: mai ɗinki, mai walda, mai suyar ƙosai, mai lambu. Mukan ji a rediyo cewa tattalin arziki ya bunƙasa, mu duba tukunya mu rasa inda bunƙasar ta shiga. Ƙasar da ta tara ƙarfinta duka a rumbu ɗaya, ta matse masu ƙananan sana'o'i, za ta riƙa kwasar arzikinta tana kai wa baƙi domin abin da a da take samu a cikin gida. Wani lokaci ma a hannun 'ya'yanta da suka gudu za ta saya.

Kada mu ce wannan wa'azin shugabanni ne kaɗai, ya ku ƙaunatattu. Yawancinmu muna da wani a ƙarƙashinmu, ɗa ko ƙane ko mai koyon aiki. Allah ya ba kowa hannu da basira, bai kuwa ba ka su domin cika rumbunka kawai ba. Maigidan nan ya yi bincike, ya tsira da ɗansa, amma ya rasa ƙanensa domin ya makara. Kai ma in ka koma gida yau, ka tambayi kanka gayaunar wa ka rufe, tun yana cikin gidan.