Iskar Ƙarfe Biyar

Akwai wani saurayi mai suna Vedran da aka ɗauko daga birnin Zagreb ya horar da ƙungiyar ƙwallon tsibirinmu. Ina tsaye da ƙawata Nives a bakin gaɓa ranar da ya sauko daga jirgin ruwa, da farin takalmi da allon tsara wasa a hammata. Ya tambaye ta hanyar fili, ta raka shi har can duk da ba ta nan gidansu yake ba. Kafin bazara ta zagayo an yi musu baiko.

Vedran aƙida ɗaya gare shi: a tura kowa gaba, a shaƙe abokan wasa tun daga bakin ragarsu. Duk wanda ya ce a ja baya a tsare gida, matsoraci ne a wurinsa.

Mahaifin Nives, Baba Frane, masunci ne. Shekara goma sha tara ya yi yana buga wa ƙungiyar baya, yanzu shi ke yanke ciyawa yana zana layin fili da farar ƙasa. Vedran ya laƙa masa suna Kwaɗon Ƙofa. Yakan kwaikwayi tafiyarsa a wurin cin abinci, yana ja da baya yana kare fuska. Abin da ya fi ciwo, Nives takan yi dariya. Tsohon sai ya ci gaba da zare ƙayar kifinsa.

Wasan ƙarshe ya zo. Canjaras kawai muke nema mu tsira a rukuninmu.

Ana dab da farawa Baba Frane ya ajiye bokitinsa ya matso kusa da Vedran.

"Ɗana, ƙarfe biyar iska za ta taso daga teku. Bayan hutu ragarmu za ta dosa. In ka ga an kai hutu lafiya, ka janyo yaran baya."

Vedran ya kalli 'yan wasa. "Kun ji? Yau kuma boka muka samu! Baba, ka je ka gaya wa kifi. Nan ƙwallo ake yi."

"Ni dai na faɗa maka."

"Layinka ma ya karkace can gefe, je ka gyara."

Aka yi dariya. Nives ta sunkuyar da kai.

Muka tafi hutu muna kan gaba da ci ɗaya. Vedran har da ɗaga wa 'yan kallo hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Biyar da 'yan mintuna tutar kusurwa ta fara kaɗawa. Duk masuncin da ke wurin ya juya ya kalli teku. Shi kuwa gwanin yana ta ihu, "Ku hau! Ku hau su!" har 'yan bayanmu suka tsaya a tsakiyar fili.

Golan baƙin, wani mai tumbi da ke sayar da taya, ya ɗaga ƙwallo sama kawai. Iska ta ɗauke ta, ta wuce kan kowa, ta faɗi gaban ɗan wasansu shi kaɗai. Ɗaya da ɗaya.

Dujam, kyaftin ɗinmu, ya rugo bakin layi. "Koci, haka ma ya ishe mu! Mu koma gida mu rufe!"

"Ka koma gidan uwarka! Ni ba na buga canjaras."

Sau biyu golan nan ya sake maimaita abu ɗaya. Uku da ɗaya aka tashi, muka faɗa rukunin ƙasa.

Vedran ya samu Nives a bakin ƙofa. "Laifina ne da na ɗauka masunta za su gane ƙwallon zamani. Haɗa kayanki, mu bar musu tsibirinsu."

Ta zare zoben baikon ta ɗora masa a kan allon nan nasa. Ta ratsa fili zuwa inda mahaifinta yake kwance raga shi kaɗai, iska na fizgar rigarsa. Ta karɓi bakin igiyar, ta yi magana da ƙarfi har mu da ke kan benci muka ji.

"Baba, na yi maka alkawari, ba za a sake yi maka dariya da bakina a ciki ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To riƙe nan da kyau, kar ta tashi."

Darasi: Iliminka komai yawansa bai ba ka lasisin raina wanda ya daɗe a wuri ba, kuma duk wanda ya taya mai raini dariya ya yi rainin tare da shi. Ku tura wa wanda kuka san ba ya jin shawara.