Malam Ilu Mai Yawo da Zobe

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai walda, ana ce masa Malam Ilu. Kullum da safe sai a gan shi ya nufi shago da wani ƙaton zoben ƙarfe a kafaɗa. Mutane suka yi ta tambayar juna: murhu ne, ko kuwa kan ne ya taɓu?

To, ku saurara. Zoben ƙwallon kwando ne. Shi ya ƙera shi, ya kafa a wani fili bayan tasha, inda samarin unguwa ke zaman kashe wando. Shi kansa gajere ne, bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba. Amma ya lura in zoben ya kwana a sama, da safe aji ba kowa. Sai ya riƙa kwance abinsa, ba ya mayarwa sai an tashi daga makaranta. Wanda bai je aji ba, ba ya taɓa ƙwallo.

Ana nan, unguwarsu ta kai wasan ƙarshe. Sai ranar ta zo daidai da jarrabawar shiga jami'a ta Nafi'u, ɗan wata mai awara, dogon da duk ƙungiyar ta dogara da shi.

Wani mai faɗa-a-ji ya ce, "Ilu, ka ciyo mana kofin nan, in sa a ɗauke ka koci. Jarrabawa ai akwai baɗi."

Nafi'u ma ya ce, "Baba Ilu, don Allah, yau kaɗai."

Ilu ya ce, "Kofin nan da me aka yi shi?"

"Da ƙarfe."

"To, gobe in yi maka biyu. Takardar jarrabawa ce ban iya waldarta ba. Hau mashin mu tafi."

Ya kai shi, ya tsare ƙofa har aka gama. A fili kuwa aka lallasa 'yan unguwarsu. Aka yi wa Ilu ihu, kuma Allah Ya yafe mini, muryata ta fi ta kowa. Aikin koci ya bi ruwa. Nafi'u ya shiga jami'a.

Jama'a, mai ƙaunar yaro shi ne wanda ya yarda a yi masa ihu yau don goben yaron. Kowannenmu akwai yaro a hannunsa. Ka tambayi kanka: gobensa kake nema, ko kofinka?